Kuɗin PTA: a hannun iyaye ko a hannun makaranta?

Baban Sadiya (Mabera):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ranar Asabar za mu yi taron iyaye a makarantar da yarana suke, kuma ni aka ɗora wa kawo shawara kan kuɗin PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai. Makarantar gwamnati ce, ƙaramar sakandare da babba a haɗe. Ba zan faɗi sunanta ba.

Yadda muka tarar ana yi shi ne, kowane zango yaro ya kai kuɗin ga malamin ajinsu, malamin aji ya miƙa wa ma'ajin makaranta, shi kuma ya haɗa da sauran kuɗin da ke hannunsa. Muna da shugaban PTA, muna da ma'aji a rubuce, amma ma'ajin nan bai taɓa riƙe ko ƙwandala ba. Idan shekara ta ƙare sai a tashi a karanta mana cewa an sayi alli, an gyara benci, an biya malaman PTA (waɗanda ake biya da kuɗin iyaye), an sayi mai. Mu yi addu'a mu watse.

Ba na tuhumar kowa da cin kuɗi. Abin da ke damuna shi ne babu uba ɗaya a cikinmu da zai iya cewa ga abin da ya shigo, ga abin da ya rage. Ra'ayina shi ne iyaye su buɗe asusunsu a banki, su riƙe littafinsu, makaranta ta kawo buƙatarta a duba a biya. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin, musamman malamai.

Tsohon Hedimasta (Gidan Igwai):
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah shi yi ma albarka da kat tada wagga magana. Amma bari in hwaɗa maka abin da nig gani cikin aikin ga. Kuɗɗin ga su ka riƙe da makaranta yau da gobe. Alli ya ƙare da sahe, ko yarinya ta hwaɗi ga taron asambuli saboda zahin watan Afrilu, ana son a kai ta asibiti nan take. Ko iskan farkon damana ya yaye kwanon aji guda da dare. Shin hedimasta shi zauna shina jiran shugaban PTA da yat tahi kasuwar Illela, ko ma'ajin da wayarshi ba ta shiga? Ku iyaye sau ukku kuka zuwa makaranta ga shekara, in an yi sa'a. Shi kullum shina nan. Kuma in abu ya ɓaci, Sakataren Ilimi ba shi kiran shugaban PTA, hedimasta aka kira.

Sannan kar a manta malammai ma 'yan ƙungiya na, ba baƙi ba.

Maman Khalifa (Arkilla):
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya game da abin gaggawa. Amma ni bari in kawo ta ɓangaren makarantun kuɗi. A tamu an ce mana iyaye su haɗa kuɗi a sayi motar ɗaukar yara. Muka biya har zango ya zagayo. Mota ta zo, aka rubuta sunan makaranta a jikinta, takardunta ma da sunan makaranta. Yanzu duk wanda yake so a ɗauki ɗansa sai ya biya kuɗin mota kowane wata. Da na tambaya a taro ko kuɗin motar nan asusun iyaye yake shiga, sai aka ce mini babu wani asusun iyaye. To mu muka saya, mu ke biyan haya, riba kuma ta wani. Da a ce kuɗinmu daban yake, da tun farko an rubuta ta wane ne kafin a saya.

Abu Mus'ab:
Ai duk ɓarayi ne. Hedimastoci da masu makarantu, jirgi ɗaya ya kwaso su.

Mai Kula da Zaure:
Abu Mus'ab, don Allah a janye wannan. Akwai iyayenmu malamai a zauren nan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a aji. A yi magana kan tsari, kar a yi wa mutane kuɗin goro.

Abu Mus'ab:
Na janye. Baba Hedimasta a yi haƙuri. Zafin abin ne, an taɓa koro mini yaro saboda kuɗin nan ranar jarrabawa.

Akanta (Gawon Nama):
Jama'a, na yi aikin banki kafin in koma harkar binciken kuɗi, don haka bari in ɗan tsawaita.

Ina goyon bayan Baban Sadiya a raba kuɗin, amma dalilina ya bambanta da na masu ganin malamai ne matsala. Duk kuɗin da mutum ɗaya ne yake karɓa, shi yake yanke abin da za a saya, shi yake saye, shi kuma yake ba da labarin yadda aka kashe, to an saka shi a cikin fitina ko da waliyyi ne. Kuma an hana shi hanyar wanke kansa. Hedimastan kirki shi ya fi kowa cutuwa da wannan tsarin, domin ranar da aka fara raɗe-raɗi a unguwa ba shi da takardar da zai ɗaga ya nuna.

Abin da Baba ya kawo na gaggawa yana da magani, kuma kowace ma'aikata tana amfani da shi. Ana ware kuɗin ko-ta-kwana a ba shugaban makaranta a hannu, a ce daidai abin da zai ishe shi ƙananan buƙatu na wata guda. Ya kashe, ya ajiye rasit, ya kawo, a mayar masa da abin da ya kashe. Babu rasit, babu ciko. Abin da ba a samun rasit a kansa, kamar kuɗin mai kabu-kabu ko ɗan dako, a rubuta a littafi mutum biyu su sa hannu. Manyan ayyuka irin su rufin aji ko gyaran rijiyar burtsatse kuwa, su sai an zauna, an ji farashi daga wuri fiye da ɗaya.

Game da masu sa hannu, ni ban yarda a fitar da shugaban makaranta gaba ɗaya ba. A yi mutum uku: shugaban iyaye, ma'ajin iyaye, da shugaban makaranta. Kuɗi ba ya fita sai da hannu biyu, kuma duk ukun su riƙa samun alat a wayarsu. Ta haka shi ba zai iya cirewa shi kaɗai ba, su ma ba za su cire bai sani ba.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi: bankuna da yawa ba za su buɗe muku asusu da sunan ƙungiya ba sai kun kawo tsarin mulkinku a rubuce, da takardar taron da aka amince a buɗe, da BVN da NIN na masu sa hannu, wasu kuma sai da rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Rajistar nan tana cin kuɗi da lokaci. Shi ya sa ƙungiyoyi suke gajiya su ce a zuba a asusun ma'aji na kansa. Don Allah kar ku yi wannan. Ya fi na yanzu muni. In ma'ajin ya rasu, kuɗin iyaye ya shiga cikin gadonsa, sai an sha wuya kafin a fitar.

Hajiya Inna (Runjin Sambo):
Akanta, Allah shi biya ka. Ni ban yi boko mai zurhi ba, amma na riƙa adashen mata tun ina da ƙuruciya. Uwar adashe ba ta haɗa kuɗɗin zubi da na cehwanen gidanta, ko da ta san za ta maida. Rad da ta haɗa, rannan adashe yam mutu. Abin ga da kuka ta hwaɗi duk shi na.

Amma ga tawa ƙorahin. Kuɗɗin PTA ga, wa ka biyan su? Ku tambayi malamman aji. Galibi uwaye mata na, da kuɗɗin ƙuli da na awara da na ɗinki. Uba ya hita tun da asuba, yaro uwa tai shika tsayawa ma wa da kuka. Amma in an kira taro maza ka cika wuri, maza ka zama shugaba da ma'aji. In za ku raba asusu ku bar shi ga maza ukku, to ni ban ga abin da munka samu ba. Garin Nana Asma'u muke, wadda tat tura jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Ba a ce muna mata ba su iya riƙon amanar ilimi ba. A sa mace ma'aji. Kuma a aje taro lokacin da mata ka iya hitowa, ba bayan isha'i ba.

Maman Khalifa (Arkilla):
Inna kin gama magana wallahi. A tamu ma da aka yi zaɓe, babu mace ko ɗaya a cikin shugabanni, alhali a taron mun fi su yawa.

Malam Na Ƙungiya (Tudun Wada):
Ni malami ne, ina aji har yanzu, kuma ina so in ja hankalinku ga abin da kowa ya tsallake. Baban Sadiya ya ce makarantarsu akwai ƙaramar sakandare. To a doka, firamare da ƙaramar sakandare na gwamnati kyauta ne kuma dole ne. A nan Sakkwato Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE, na ilimin matakin farko kyauta ga kowa, ranar 30 ga Satumba 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce duk wanda ya karɓi kuɗi a kan hidimar da aka ce kyauta ce ya yi laifi, ana iya cin sa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun.

Kun ga inda matsalar take? Muddin malamin aji ne yake karɓa, yana riƙe da rajista yana kiran sunan wanda bai biya ba, to abin ya tashi daga gudummawa ya zama kuɗin makaranta ta bayan gida. Mu malamai ba ma son wannan aikin. Yana zubar mana da mutunci a gaban yara. Yaron da ka kora da safe saboda kuɗi, da wane ido zai kalle ka gobe kana koya masa lissafi? Don haka ina tare da masu cewa iyaye su karɓi abinsu, amma su karɓe shi duka, har da wahalar tarawa. Kar ku ɗauki asusu ku bar mana bin bashi.

Abu Mus'ab:
Malam, wannan ita ce maganar da nake so in ji. Ashe ma dokar tana nan. Me ya sa ba a gaya wa iyaye?

Malam Na Ƙungiya (Tudun Wada):
Domin in an gaya musu kowa ya daina biya, ranar Litinin babu alli. Gaskiyar ke nan. Hukumar UBEC, mai kula da shirin UBE a tarayya, tana samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin gine-gine. Wannan kuɗin yawanci gini da kujeru da horar da malamai yake tafiya. Abin da shugaban makaranta zai kashe yau, na tsintsiya da rajista da takardar jarrabawa, shi ne yake wuyar zuwa a kan lokaci. An ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan a ƙarshen 2015, an yi gine-gine, ba mai musu. Amma ƙaramin kuɗin yau da kullum har yanzu aljihun iyaye ake dubawa.

Tsohon Hedimasta (Gidan Igwai):
Malam ya hwaɗi gaskiya. Kuma ku da kuka ganin in iyaye sun riƙe kuɗɗi an huta, ku tambayi waɗanda ɗiyansu ka karatu makarantun tarayya. Can PTA ta daɗe da asusunta daban. Mi yaf faru? Shugabannin iyaye da kansu sunka dinga aza ma 'yan uwansu harajin gini, har wasu wurare kuɗɗin PTA sunka kai na makaranta ko sunka hi su. Sai da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tas sa baki cikin 2016, zamanin minista Adamu Adamu, tas soke harajin ayyukan ci gaba, tac ce kar kuɗɗin PTA su wuce naira 5,000 ga zango. Ba hedimasta yaj jawo wanga ba. Iyaye na, masu hali, sunka hau kujera sunka manta da talakka. Na ga inda shugaban PTA ɗanshi ya gama makaranta da daɗewa amma ya ƙi sauka, don kwangilar gyaran aji ta hannunshi taka bi.

Akanta (Gawon Nama):
Baba, wannan misalin naka mai ƙarfi ne kuma na karɓe shi. Raba asusu kaɗai ba ya sa kuɗi su tsira. Dole a rubuta wa'adi, a ce shekara biyu, kuma duk wanda ba shi da yaro a makarantar ya sauka. A rubuta cewa shugaba ko ma'aji ko ɗan gidansu ba ya karɓar aikin da ƙungiya ta bayar. Kuma adadin da za a biya babban taro ne yake yanke shi, ba shugabanni ba. Amma Baba ka lura, an gano abin da ya faru a makarantun tarayya ne saboda kuɗin yana da suna da adadi, ana iya ɗora shi kusa da kuɗin makaranta a gwada. Wanda aka cuɗe da sauran kuɗi a durowa ɗaya, wa zai iya gwada shi da wani abu?

Malama Ummu Hanif:
Assalamu alaikum iyayena. Tun ɗazu ina karantawa ina jin tsoron sa baki. Ni ina cikin waɗanda ake kira malaman PTA. Na gama NCE, ban samu ɗaukar gwamnati ba, ina koyar da Turanci a wata makaranta, daga kuɗin nan ake ba ni ɗan abin da ake ba ni. Ba shi da yawa, wani lokaci sai wata ya shiga wata.

Abin da nake tsoro shi ne wannan. Yanzu na san shugabana ɗaya ne, shi ya ɗauke ni, shi yake duba aikina. In albashina ya koma hannun iyaye, ranar da ɗan shugaban PTA ya faɗi jarrabawata fa? Ranar da na hukunta 'yar ma'aji saboda makara fa? Wata abokiyar aikina ta taɓa shiga irin wannan, uba ya ce mata a gaban yara ai da kuɗinsa ake biyan ta. Ta yi kuka ta bar aikin. Ina roƙon duk tsarin da za ku yi, ku rubuta cewa iyaye su ne masu biya, amma ɗauka da kora da duba aiki na shugaban makaranta ne. Kuma a fara fitar da haƙƙinmu kafin a sayi fenti.

Baban Sadiya (Mabera):
Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika yi magana. Wannan zai shiga cikin takardar da zan kai, da kalmominki.

Hajiya Mai Makaranta (Bado):
Ni ina da makaranta mai zaman kanta, ƙarama, kuma na ji abin da Maman Khalifa ta faɗa. Abin da aka yi musu bai dace ba. Amma ku ji ta bakinmu. Na taɓa barin iyaye da asusunsu. Shugabanni suka yi saɓani, ɗaya ya cire yaransa ya ƙi zuwa banki a canja sa hannu, kuɗi suka maƙale kusan shekara. A lokacin batirin sola ya mutu, yara suna cikin zafi, iyaye kuma ni suke zagi, ba shugabanninsu ba. Da aljihuna na gyara.

Duk da haka ban koma haɗa kuɗin da nawa ba, domin in na haɗa, hukumar haraji za ta lissafa shi cikin abin da makaranta ta samu, ni ma ba zan iya bambance nawa da nasu ba. Abin da muka yi shi ne muka rubuta yarjejeniya. Duk abin da iyaye za su saya ko su gina a cikin harabata, sai an rubuta tun farko ko kyauta ce ga makaranta ko mallakar ƙungiya ce, da wanda zai ɗauki nauyin gyaransa. Fili nawa ne. In iyaye suka gina aji a kai, gobe na sayar da makarantar, ina matsayinsu? Gara a faɗa tun ana dariya. Ni shawarata ga iyayen makarantun kuɗi, ku daina yarda ana sa ku gini. Gini aikin mai makaranta ne, shi ya sa kuke biyan kuɗin zango. Ku sa kuɗinku a littattafai, da gasar karatu, da tallafa wa yaron da mahaifinsa ya rasu a tsakiyar shekara.

Maman Khalifa (Arkilla):
Hajiya, da duk masu makarantu irinki ne da ba mu zo nan muna kuka ba. Zan nemi a kawo takardun motar nan a taro na gaba.

Ɗan Gabas:
Ku mutanen birni kuna ta maganar banki da alat. Mu nan gabashin jiha garuruwa nawa ke da banki? Sai mai POS, shi ma in akwai sabis. Kuma kun san halin da muke ciki wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo. In aka sanar a taro cewa wane ne ma'ajin iyaye, kuɗi na wurinsa, to an saka rayuwarsa cikin hatsari. Ba wanda zai karɓi wannan muƙamin. Mu abin da muke yi, ba ma tara kuɗi su kwana. In bango ya faɗi, mai jaki ya kawo ƙasa, magina su ba da yini guda, mai hali ya sayi buhun siminti ya kawo da kansa. Bayan girbi wani ya ba da damin gero a sayar a biya malamin Islamiyya. Hakimi da liman su ne shaida.

Sannan akwai kwamitin SBMC, na al'umma mai kula da makaranta, wanda ya haɗa mai gari da liman da wakiliyar mata da tsofaffin ɗalibai da wakilin PTA, hedimasta yana sakatare. Lokacin shirin NIPEP na tallafa wa ilimin matakin farko, wanda Sakkwato tana cikin jihohi 5 da suka amfana tare da Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa, ta asusun makaranta da kwamitin nan yake kula da shi aka riƙa turo tallafin gyara. Tambayata, in akwai wannan asusun, me zai sa a buɗe wani? Ba a zuba na iyaye a ciki ba?

Akanta (Gawon Nama):
Ɗan'uwa, Allah ya kawo muku sauƙi, ya ba mu zaman lafiya baki ɗaya. A halinku ni ma ba zan ce a naɗa wa mutum ɗaya kuɗi ba. Abin da kuke yi ya fi dacewa da ku, sai dai a riƙa rubutawa: wane ya kawo siminti, wane ya yi aikin yini.

Amma haɗa na iyaye da na SBMC ban ba da shawara ba. Kuɗin tallafi yana zuwa da sharuɗɗansa, da abin da aka yarda a kashe shi a kai, da masu zuwa bincike daga SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ko masu ba da tallafin. In kun zuba naku a ciki, ranar bincike sai a rasa wanne ne wanne, kuma ana iya yin aiki ɗaya a rubuta shi sau biyu, a nuna wa gwamnati a ce da nata aka yi, a nuna wa iyaye a ce da nasu aka yi. Wannan ita ce ɓarakar da na fi gani a aikina, kuma ba a kama ta sai in littattafan biyu daban suke aka ajiye su gefe da gefe.

Liman (Minanata):
Bismillah. Na ga wasu suna jin nauyin a nemi rasit wurin malami ko dattijo, kamar rashin kunya ne. A addininmu ba haka ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga sahabbai ta fara sauka, mutanen da suka fi mu amana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo ya yi masa lissafi, kuma ya hana shi riƙe abin da ya ce kyauta aka ba shi. Don haka wanda aka nemi ya kawo lissafi kar ya ji an wulaƙanta shi.

Abu na biyu ya fi damuna. A cikin masu biyan nan akwai marayu, akwai 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyukansu suna zaune a kangaye a cikin garin nan. Duk wanda zai riƙe kuɗin, iyaye ko makaranta, in dai za a kori irin waɗannan daga aji saboda shi, to ni ba na cikin masu sa albarka. A rubuta a layin farko cewa ba a korar yaro, ba a hana shi jarrabawa, ba a kiran sunansa a gaban aji.

Abu Mus'ab:
Allah ya gafarta Malam. In aka rubuta wannan, ni zan biya nawa in biya na maraya ɗaya kowane zango.

Tsohon Hedimasta (Gidan Igwai):
Allah shi gafarta Malam, ban da ja ga wanga. Amma ku shirya, rad da anka ce ba tilas, abin da ka shigowa zai ragu, wataƙila da yawa. Nan za a gane ko iyaye da gaske suka yi. Ni har yanzu ina ganin makarantar da ke da shugaba nagari ba ta buƙatar duk wanga dogon tsari. Sai dai na yarda shugaba ba shi dawwama, ana canza mai wuri da takarda guda, kuma ba ka san wanda za a kawo ba.

Hajiya Inna (Runjin Sambo):
Malam, ba zai ragu kamar yadda kaka tsammani ba. Mata na biya in sun ga abin da anka yi da kuɗɗinsu. A liƙa takarda bakin ƙohwar makaranta, da Hausa, har da ajami don waɗanda ba su karatun boko. A karanta ta ga taro da babbar murya. Ka ga ko ba su kawowa.

Baban Sadiya (Mabera):
Jama'a na gode ƙwarai. Abin da na shigo da shi ya canja. Zan kai shawarar asusun iyaye daban, amma shugaban makaranta yana cikin masu sa hannu, yana kuma da kuɗin ko-ta-kwana a hannunsa. Ma'aji mace. Iyaye ne za su riƙa karɓa da rasit mai lamba, ba malaman aji ba, za mu nemi waɗanda za su riƙa zama a bakin ƙofa makon farko na zango. Haƙƙin malaman PTA shi ne farkon fita, kuma ba ruwan iyaye da ɗaukarsu ko korarsu. Ba a korar yaro.

Abin da ya rage mini shi ne kuɗin da ke hannun makaranta yanzu, da bashin da aka ce ana bin ta a shagon kayan rubutu. Mu nemi a yi lissafin baya, ko mu ja layi mu fara daga sabon zango?

Akanta (Gawon Nama):
Ku nemi abu biyu kawai: nawa ya rage yau, nawa ake bin ku. A rubuta, kowa ya sa hannu, daga nan littafinku ya fara. In kun ce sai an tono shekarun baya, Asabar ɗin za ta ƙare a rigima ba a buɗe asusu ba. Zan turo maka samfurin tsarin mulki na shafi biyu da daren nan, ka gyara shi ya dace da ku. Ka kuma tambayi ofishin ilimi na yankinku ko akwai wata takardar umarni kan kuɗin PTA, kar ku yi abin da za a rushe daga baya.

Malam Na Ƙungiya (Tudun Wada):
Bashin shagon nan ku bincika da kyau kafin ku karɓe shi. In kayan jarrabawa ne da ya kamata hukuma ta kawo, ba na iyaye ba ne.

Tsohon Hedimasta (Gidan Igwai):
Ɗana, abu guda. Kar shugaban makarantar ga shi fara jin wagga magana cikin taro gaban jama'a. Ka tahi ohis nai kahin Asabar, kai da shugabanku, ku nuna mai takardar, ku bar shi shi gyara abin da yag ga ba shi yiwuwa. In kana so in raka ku, ina nan gida, sai ka aiko a ɗauke ni.

Baban Sadiya (Mabera):
Ranka ya daɗe, ina so ƙwarai. Laraba da ƙarfe 10 zan zo da kaina in ɗauke ka. Malama Ummu Hanif, ki turo mini ta akwatin sirri yadda kike ganin ya kamata a rubuta sashen malamai, in haɗa kafin lokacin.